Jikar molon wanzamai da na tarar a Lisbon

Hayaƙin kifi ne ya fara tarbata a Alfama, tsohuwar unguwar birnin Lisbon. Watan Yuni ne, garin yana cikin hidimar bikin waliyyinsu Santo António da ake yi a ranakun 12 da 13 ga wata. Kowane lungu ka leƙa an hura gawayi ana gasa sadin, an ɗaura igiyoyi masu takardu kala-kala daga wannan taga zuwa waccan. Taron aiki na kwana uku ne ya kai ni Lisbon, na ƙara kwana huɗu daga aljihuna, don ban ga dalilin da mutum zai sha irin wuyar da na sha wajen neman biza ba, sannan ya koma gida bai san komai a garin ba sai ɗakin taro da gadon otal.

Ɗan rakiyata ƙanin wani abokina ne, Bazazzagi, shekararsa ta uku ke nan yana karatu a can, yaren Fotugal ya zauna a bakinsa daram. Tun a waya ya ja mini kunne: "Yaya, ka taho da takalmi mai kama ƙasa." Ban ɗauki maganar a bakin komai ba sai da na taka daɓen garin. Ƙananan duwatsu ne farare da baƙaƙe da aka jera da hannu, ƙafafun mutane sun goge su sun yi santsi kamar tangaran, ga unguwar duk hawa da gangara. Sau biyu bango yana cetona.

Sunan Alfama daga Larabci yake, al-hamma, wato maɓuɓɓugar ruwan zafi. Musulmi sun riƙe garin sama da shekara 400 kafin ya faɗa hannun Afonso Henriques, sarkin Fotugal na farko, a 1147. Girgizar ƙasar 1755 da ta rushe tsakiyar Lisbon ba ta yi wa wannan unguwa irin waccan ɓarna ba, shi ya sa lungunanta suke nan yadda suke, matsattsu, karkatattu, wasu ko mutum biyu ba sa iya jerawa. Wanda ya taɓa ɓata a cikin birnin Kano ko Zariya ba zai ji baƙunta sosai ba.

Gaskiya ba son kiɗa ne ya shigar da ni gidan tarihin fado ba, inuwa na bi. Yana can ƙasan unguwar wajen bakin kogi, a wani tsohon ginin tura ruwa da aka mayar gidan tarihi a 1998. Fado ita ce waƙar Lisbon, kalmar kuma ma'anarta ƙaddara. Waƙa ce ta bege da kewa da rabuwa, wadda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2011. A cikin akwatunan gilashi na ga wasu kayan kiɗa a jere da ban taɓa ganin irinsu ba. Cikinsu zagayayye ne kamar an tsaga albasa biyu, bayansu a shafe, wuyansu gajere, a can ƙarshen wuyan kuma wani faranti na ƙarfe ya baje kamar wutsiyar ɗawisu, da ƙananan kusoshi goma sha biyu a bakinsa. Na ƙirga tsirkiyoyin, goma sha biyu ne cif, duk na waya, an jera su bibbiyu.

Na ce, "Wannan ai ba jita ba ce."

Yaron ya yi dariya. Ya ce a nan garin ita ce ma jita. Idan ka ce guitarra, wannan suke nufi. Waccan mai ƙugu da muka sani a hannun mawaƙan zamani, viola suke ce mata.

Rubutun da ke jikin bango ya danganta ta da wani tsohon abin kiɗa na Turai, wanda Ingilishi ke rubuta sunansa cittern, ana furta shi kusa da sitan. Da farko hankalina ya tafi kan sitar ɗin finafinan Indiya, amma hanyar jirgi daban ta mota daban. Sunan sitan daga kithara ta Girkawa ya gangaro, tushe ɗaya da kalmar jita kanta.

Washegari maigidan hayar ɗan rakiyata ya haɗa mu da wani dattijo mai sassaƙa su. Shagon ɗaki ɗaya ne, sai ka sauka matakala uku, yana ƙanshin katako da danƙo. Mestre ake ce wa irinsu, wato gwani, haka yaron ya riƙa kiransa, ni ma na bi sahu. Bai damu da cewa ba saye na zo yi ba. Ya ɗauko wadda ya kusa gamawa ya aza mini a cinya. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Fuskarta ta katako mai laushi ce, baya da gefe na katako mai tauri, jakin da tsirkiyoyi ke hawa na ƙashi ne, ba a manna shi ba, ƙarfin waya kawai ke danne shi. Ya nuna mini yadda kowace tsirkiya take da hanci a duka bakinta biyu: ɗaya a saƙale a gindi, ɗaya a wani ɗan ƙugiya da ke cikin farantin nan mai kama da wutsiyar ɗawisu. Idan ka murɗa kusa, ƙugiyar ta ja sama a hankali, waya ta ƙara tauri. Hanci na biyun makaɗi ne ke murɗa shi da kansa daidai tsawon jitarsa, da wani ɗan ƙarfe mai hannu kamar na injin markaɗe. Dattijon ya yi ɗaya a gabana, kafin in ƙifta ido ya gama.

Sai ya ce in danna. Na danna tsirkiya biyu da ɗan yatsa, na kaɗa da babban yatsa. Ƙarar da ta fito siririya ce, mai kaifi, tana ta zarya a ɗakin kamar an jefa tsaba a faranti. Da na ɗaga yatsana, layi biyu sun kwanta a fatar. Ya kama hannuna ya duba, ya nuna mini nasa, kan yatsunsa sun yi kanta kamar tafin ƙafar manomi. Ya faɗi wata magana, yaron ya fassara: wai hannun biro ne da ni.

A bango, sama da teburin aikinsa, akwai wani hoto da rana ta cinye. Sitan ce da Girolamo Virchi na garin Brescia a Italiya ya ƙera a 1574 domin Yarima Ferdinand na Tyrol, tana can yau a gidan tarihi a Viyana. An yi mata ado har ya wuce misali, a kanta an sassaƙa surar mace. Dattijon ya buga hoton da yatsa ya ce kakar ke nan. Amma ya ƙara da cewa irin wannan ta sarakuna ɗaiɗaiku ce, yawancinsu a hannun talakawa suka rayu.

Wannan maganar ce ta hana ni barci da wuri, na zauna a otal ina bin labarin. A ƙarni na 16 da na 17, abin kiɗan manya a Turai shi ne lut, ɗan al-ud na Larabawa, har sunan ma nasu ne. Bayansa a kumbure yake kamar ƙwarya, an haɗa shi da siraran katako, tsirkiyarsa ta hanjin tumaki. Yana da tsada, yana da saurin fashewa, ga shi da zarar iska ta canza sai tsirkiya ta saki. Wani marubucin Jamus, Johann Mattheson, ya yi masa ba'a cewa makaɗin lut da ya kai shekara 80, to 60 daga ciki wajen ɗaure tsirkiya ya ƙarar da su. Ita kuwa sitan bayanta a shafe yake, sai a rataye ta a ƙusa. Tsirkiyarta ta ƙarfe ce da tagulla, ba ta damu da sanyi ko danshi ba. An kafa mata ƙananan sandunan ƙarfe a gicciye a wuya, yatsa ba ya ɓata hanya, ana kaɗa ta da tsinken gashin tsuntsu. A Ingila da Faransa jeri huɗu na tsirkiya aka fi yi mata, a Italiya har shida. Ko wanda bai je gidan malami ba, cikin 'yan kwanaki zai iya raka waƙa da ita.

Shi ya sa ta zama kayan shagon aski. A Landan ta zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko, wadda ta rasu a 1603, an saba rataye sitan a shagon mai aski, duk wanda ke jiran layi ya sauke ta ya rage lokaci. Mai askin nasu na lokacin kuma wanzami ne sosai irin wanda muka sani: yana aski, yana fitar da jini, yana cire haƙori, har ƙungiya ɗaya suka yi da masu fiɗa a 1540. Na yi ta ƙoƙarin hango abin: mutum yana riƙe da kumatu, haƙori na cizonsa, na kusa da shi yana ta yi masa kiɗa. Saboda kowa na taɓa ta, sunanta ya shiga bakin 'yan zambo, har ana kwatanta mace marar kamun kai da ita. Kan da ake sassaƙa mata ma bai tsira ba, a wani wasan Shakespeare an zagi wani da cewa fuskarsa kan sitan ce.

Duk da haka gwanaye ba su ƙyale ta ba. Anthony Holborne ya buga littafin koyon kaɗa ta a 1597, bayan shekara biyu kuma Thomas Morley ya fitar da kiɗa na ƙungiyar mutum shida, inda sitan ke zaune kusa da lut da sarewa da goge, ita ce mai riƙe amo kamar yadda ƙaramar ganga ke yi wa manya. Masu zanen Holan na ƙarni na 17 sun yi ta sa ta a hannun mata a cikin ɗaki.

Wajen 1750 ta dawo Landan da sabon suna, jitar Ingila, mai tsirkiya goma, ta zama abin yayin matan masu hali. A lokacin ne wani maƙeri, John Preston, ya yi suna da dabarar ɗaure tsirkiya da kusa da ƙugiya, ana murɗawa da makullin agogo. Dabarar nan ce na gani a shagon dattijo, an dai sa wa kowace kusa kanta, an huta da makulli. Charles Burney, mai rubuta tarihin kiɗa a zamanin, ya ba da wani labari da ya ba ni dariya. Wai yayin ya yi ƙarfi har mata suna sayar da manyan kayan kiɗansu masu kama da fiyano da araha, kasuwar wani mai ƙera su, Kirkman, ta kusa mutuwa. Sai ya sayi jitoci masu arha ya rarraba wa 'yan mata masu ɗinki da mawaƙan titi, ya koya musu ɗan abin da za su kaɗa. Da matan manya suka ga abin a hannun 'yan aiki, suka yar da nasu. Halin ɗan Adam ko'ina ɗaya ne, ko atamfa ce da zarar ta sauko kasuwar ƙauye an daina ganinta a gidan biki.

Yadda ta iso Fotugal, masana sun rabu biyu. Wasu sun ce 'yan kasuwar Ingila da ke zaune a Porto ne suka kawo ta, suna kafa hujja da littafin koyarwa da António da Silva Leite ya buga a can a 1796. Wasu kuma, irin su makaɗi Pedro Caldeira Cabral, sun ce sitan tana ƙasar tun kafin haka, kayan ɗauri kawai ta ara. Da na tambayi dattijon, kafaɗa ya ɗaga. Ko ta wace ƙofa ta shigo, gida ɗaya ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lut mai daraja ya ɓace kafin ƙarshen ƙarni na 18, sai a ƙarni na 20 masu bincike suka tono shi, ita kuwa wadda aka raina ba a taɓa daina jin ta ba. Tana nan a dazukan Jamus da sunan Waldzither, tana nan kowane dare a Lisbon.

Neman abincin halal ya kai mu Mouraria, unguwar da aka ware wa Musulmin da suka rage bayan 1147. Yau 'yan Bangaladash ne suka cika wani titi nata da shaguna da gidajen abinci. A hanya, a wani dandali kusa da babban filin Rossio, na ga dattawan Gine-Bisau zazzaune, wani da goro a gabansa. Na yi sallama, ya amsa cikakkiya, na sayi fari guda biyu a farashin da ba zan faɗa a gida ba. A bakin wani lungu, Rua do Capelão, an kafa jitar dutse da rubutun cewa nan ne mahaifar fado. A lungun nan Maria Severa ta zauna, mawaƙiyar gidajen shan giya da ta rasu a 1846 tana da shekara 26, ita ake ɗauka uwar wannan waƙa. Na so ƙwarai a ce fado gadon Larabawa ce, don yadda mawaƙa ke lanƙwasa murya yana tuna wa mutum wani abu. Amma masu binciken tarihi ba su goyi bayana ba. A farkon ƙarni na 19 suka fara ganin sawunta, kuma sawun ya fi karkata wajen Brazil da matuƙa jiragen ruwa.

Gidajen fado gidajen abinci ne da ake sayar da giya, ba zan ɓoye ba, sai da na yi ta kai-kawo a raina kafin in shiga. Muka zauna a kusurwa, na nemi busasshen kifinsu bacalhau da ruwa. An kawo wata koriyar miya, na kai cokali, yaron ya riƙe mini hannu, ashe akan jefa yankan tsiran alade a ciki. Wajen ƙarfe goma da rabi aka rage fitila, masu kai abinci suka tsaya cak, aka rufe ƙofa. Wani ya ce, "Silêncio, que se vai cantar o fado." A yi shiru, za a rera fado. Maza biyu suka zauna, ɗaya da viola, ɗaya da guitarra, wata mata mai baƙin mayafi ta tsaya a bayansu.

Kusa nake da mai guitarra, har ina jin numfashinsa. Yatsu biyu kawai yake kiɗa da su, babba da manuni, kowanne an ɗaura masa farcen roba, ƙaramin yatsa kuma ya dafa fuskar jitar. Mai viola ne ke riƙe tafiya. Shi wannan aikinsa amsawa ne: matar ta ja baiti ta saki, kafin ta ja numfashi ya cike gurbin da wasu 'yan ƙananan sautuka masu gudu, wani lokaci ya maimaita abin da ta faɗa, wani lokaci kamar yana musa mata. Idan ya kai ƙarshen jimla sai ya girgiza yatsan hagu a kan waya, sautin ya yi rawa kamar muryar mai shirin kuka. Kalma ɗaya ban fahimta ba, amma na lura na daina tauna.

A tsakiyar waƙa ta biyu wayata ta ɗaga murya daga aljihu: Allahu Akbar. A Yuni rana ba ta faɗuwa a Lisbon sai bayan tara, lisha kuwa sai wajen sha ɗaya, ni kuma na manta ban rage ƙarar manhajar salla ba. Wata tsohuwa a teburin gaba ta juyo ta watsa mini harara. Na yi ta lalube, wayar ta zame ta faɗi ƙarƙashin tebur, ladan yana ta aikinsa. Matar ba ta tsaya ba, idonta a rufe. Mai guitarra ne kawai ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, bai fasa kiɗa ba. Da aka kunna fitila mutane suna cewa "Ah, fadista!", wato suna yaba wa mawaƙiyar, na je na ba shi haƙuri ta bakin yaron. Ya ce ba komai, wanda ke cikin wayar ma yana da murya. Muka biya kuɗi, na tafi na ba da farali.

Ranar da ta rage mini na hau jirgin ƙasa daga tashar Santa Apolónia zuwa Coimbra, tafiyar kamar awa biyu. Garin jami'a ne a kan tudu, sama da kogin Mondego. An kafa jami'ar a 1290, ta zauna a nan dindindin tun 1537. Ta ƙofar Almedina muka shiga, wani sunan Larabcin ke nan, muka kama matakalar da suke kira Quebra-Costas, mai karya baya, kuma ba su yi mata ƙarya ba.

Fadon Coimbra na ɗalibai ne, maza ke rera shi sanye da baƙar alkyabba, asalinsa a ƙarƙashin tagar budurwa cikin dare. Jitar tasu ma daban take. Ta Lisbon kanta a naɗe yake kamar katantanwa, ta Coimbra kanta kamar ɗigon hawaye. Wuyanta ya fi tsawo kaɗan, ana sassauta ɗaurinta, muryarta ta fi kauri. Artur Paredes ne ya daidaita ta a wannan siffa tare da masassaƙa, ɗansa Carlos kuma, wanda aka haifa a garin a 1925, ya fitar da ita daga bayan mawaƙi ya sa ta magana ita kaɗai. Carlos ɗin nan duk sunan da ya yi a duniya bai bar aikinsa na ajiye hotunan ƙashi a wani asibitin Lisbon ba. Gwamnatin Salazar, mai mulkin Fotugal a lokacin, ta ɗaure shi a 1958 saboda siyasa, ana kuma ba da labarin cewa a kurkuku yakan yi ta zagaye yana motsa yatsu a kan jitar da babu ita, har wasu suka zaci ya taɓu. Ya rasu a 2004.

Da yamma muka shiga wani ƙaramin ɗaki kusa da tsohon cocin garin, mutum bai fi talatin ba. Kafin komai na kashe wayata gaba ɗaya, na nuna wa yaron ya shaida. Mai gabatarwa ya bayyana mana cewa a al'adar Coimbra ba a tafa wa waƙar dare, don kada a tashi unguwa a tona asirin mai zance. Wanda abin ya burge shi gyaran murya yake yi. Matasa uku suka shigo cikin alkyabba, suka yi waƙa ɗaya, sannan mai jita ya yi kiɗa shi kaɗai, mai nauyi, yana dukan tsirkiyoyin ƙasa har katakon yana amsawa. Da ya sauke hannu ɗakin ya yi tsit, sai 'yan tari ƙasa-ƙasa daga nan da can. Ni ma na tattara abin da ke maƙogwarona na yi nawa.

Yaron ya sunkuyo ya raɗa mini: "Yaya, a rage kaɗan. Naka irin na maigida ne ya dawo ya tarar yara suna ɓarna."